Wa ke satar maganin? Yarda da zargi a wasan The Walking Dead, yadda wasu matasan Sakkwato suka buga shi

Mutum takwas ne suka rage a wani masaukin matafiya kusa da garin Macon, a jihar Jojiya ta Amurka. Duniya ta lalace, matattu suna tashi suna cin masu rai, abinci sai an ƙirga. Lilly, matar da ke riƙe da ma'ajiya, ta lura magani yana raguwa fiye da yadda ake shan sa. Ta tabbata ba daga waje ake shigowa ba, wani ne a cikinsu. Sai ta kira Lee Everett, wanda shi ne mai wasa ke sarrafawa, ta ce ya bincika.

A nan kashi na uku na wasan bidiyon The Walking Dead ya ɗauki zafi. Kamfanin Telltale Games na Kalifoniya ya fitar da wasan a 2012, kashi biyar, daga Afrilu zuwa Nuwamba, na ukun kuma a Agusta. Yana cikin wasannin da labarinsu ke yin rassa: harbi da gudu kaɗan ne, magana ta fi yawa. Wani zai yi wa Lee tambaya, amsoshi su bayyana a allo, wani siririn layi yana ƙanƙancewa a ƙasa. In ya ƙare ba ka danna komai ba, an ɗauka ka yi shiru, shirun ma kuma ana lissafa shi. Lokaci-lokaci rubutu yana fitowa a kusurwar sama cewa wane zai tuna da wannan. Abin da ka zaɓa yana shiga fayil ɗin ajiya ya bi ka zuwa kashi na gaba.

Waɗanda na bi wasansu matasa biyar ne a unguwar Mabera da ke Sakkwato. A ƙofar wani shagon gyaran waya suke haɗuwa bayan isha'i, lokacin bazara da ɗaki ba ya zaunuwa, a fito da benci a ɗora laftof kan tebur. Mai shagon ne ke riƙe da fad, abin da ake dannawa a sarrafa wasan. Wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke fassara Turancin. Akwai tela, wanda ya girme su duka, akwai ɗan kabu-kabu da ya taso a wani ƙauye na ƙasar Sabon Birni, sai ƙanin mai shagon, ɗan sakandare. Doka ɗaya suka kafa: ba a komawa baya, abin da aka danna an danna.

Wannan tsari ya haifar da wani abu da masu wasan ba su shirya ba. Layin lokaci ba ya jiran tafinta. Sau da yawa ɗalibin yana tsakiyar fassara amsa ta biyu lokacin zai ƙare, ko mai shagon ya danna abin da hannunsa ya kai. Saboda haka Lee ɗinsu ya fito mutum mai yawan shiru, wanda idan rigima ta tashi tsakanin Lilly da Kenny, wani magidanci a cikin mutum takwas ɗin, yakan tsaya yana kallo. A wurinsu jinkirin fassara ne. A wurin Kenny kuwa, mutum ne da ba ya tsaya masa.

Abin da aka taho da shi

Ba haka kawai Lilly ta wayi gari tana zargin kowa ba. A kashi na biyu yunwa ta kai su gonar shanun iyalan St. John, mutane masu fara'a da karɓar baƙi, ashe naman mutane suke ci. Aka kulle Lee, Clementine yarinyar da yake kula da ita, Kenny, Lilly da mahaifinta Larry a ɗakin sanyi na ajiye nama. Larry ya yanke jiki ya faɗi, ciwon zuciya. A lokacin sun riga sun san duk wanda ya mutu zai tashi, an cije shi ko ba a cije shi ba. Lilly tana danna ƙirjinsa tana cewa da sauran ransa. Kenny ya ce ya riga ya tafi, a fasa kansa kafin ya tashi a kansu cikin ɗakin da ba mafita. Wasan ya ba da daƙiƙu kaɗan a zaɓi ɓangare.

A Mabera ba a yi gardama ba. Tela ya ce, "Ba mu kashe tsoho gaban ɗiyatai." Suka taya Lilly. Kenny bai jira su ba, ya ɗauki kantun gishirin shanu ya sake shi a kan Larry.

Mutuwar Larry ba ta kauce wa kowa, duk ɓangaren da aka bi. Abin da ya bambanta shi ne wanda zai miƙo maka hannu daga baya. Da Danny St. John ya kusa kashe Lee a cikin garke, Lilly ce ta cece shi, Kenny yana laɓe. A farkon kashi na uku, da ƙofa ta faɗo wa Lee a cikin kemis matattu suna danna ta, Kenny ya tsaya yana shawara da zuciyarsa. Ƙanin mai shagon ya ce wa wansa, "Yaya, wanga mutum ba ya son mu." Gaskiyarsa kuwa.

Sai Carley. 'Yar jarida ce, tun a kashi na farko ta gane Lee: malamin tarihi a jami'a wanda kotu ta ɗaure saboda ya kashe wani ɗan majalisar jiha da ya kama da matarsa. Wasan ma a bayan motar 'yan sanda ya fara. Carley ta rufa masa asiri, su kuma da aka ce su ceci ɗaya tsakaninta da wani abokin tafiyarsu mai suna Doug, ita suka ceta. Yanzu sai ta ba shi shawara ya faɗa wa mutane da bakinsa kafin wani ya riga shi. Ɗalibin ya ce a bar kaza cikin gashinta. Mai shagon ya ƙi, ya je ya faɗa wa Kenny da Clementine. Wannan dama ba ta samuwa sai ga wanda ya ceci Carley. Wanda ya ceci Doug ba mai ba shi wannan shawara.

Tocila, alli, jaka

Binciken gajere ne. Lilly ta tsinci fasasshiyar tocila. Lee ya bi sawun gilashinta ya tarar da alamar da aka zana da alli a bango, irin allin da yara ke wasa da shi. Duck, ɗan Kenny, ya liƙe masa wai shi ne mataimakin ɗan sandan ciki, shi ya tsinto guntun allin kusa da ƙofar shinge. Lee ya fita waje, ya buɗe wani rami mai murfin ƙarfe a jikin bango, ya ga jaka cike da maganin da ake nema. Ya ɗauko ya kai wa Lilly.

A lura, wasan bai tambayi kowa ko a ɗauki jakar ko a bar ta a yi kwanton wanda zai zo ɗauka ba. Lee ɗauka kawai ya yi. Ko gama nuna ta bai yi ba, 'yan fashin dajin da ke kewaye da su suka faɗo masaukin da bindigogi, domin kason da suka saba tararwa bai zo ba. Aka yi musayar wuta, ƙarar ta janyo matattu, aka ciji Duck, sauran suka tsere a wata mota mai ɗaki a ciki.

Bakin hanya

Tun a cikin motar Lilly ta fara. Ta nuna Carley, ta nuna Ben, ɗalibin sakandaren da suka tsinta a daji a kashi na biyu. Wani matacce ya maƙale a ƙarƙashin motar, Kenny ya tsaya cire shi, kowa ya fito bakin titi cikin dare. Lilly ta ce ba inda za a je sai an fitar da maci amana.

A bencin Mabera ra'ayi ya rabu. Mai shagon ya ce ko ana ha-maza ha-mata ba zai saki Carley ba, macen da ta riƙe sirrin Lee wata uku ba za ta saci magani ba. Tela ya ce mai iya ɓoye sirri ai shi ne mai iya ɓoye sata. Ɗan kabu-kabun bai ko jira fassara ba. "Ku dubi yaron ga," in ji shi. "Shi na. Tun da anka fara magana bai ɗaga kai ba." Masu zanen wasan sun yi aikinsu: Ben yana ta in-ina, yana cewa a daina faɗa, har yana cewa ya yarda ya yi duk aikin da aka sa shi in za a bar maganar.

Mai shagon ya zaɓi duk amsar da ke kare Carley. Carley ita ma ta tsaya wa Ben, ta gaya wa Lilly baƙar magana cewa tsoro ne ke damunta. Kenny ya janyo mataccen ya taka kansa, hankalin kowa ya koma can. Lilly ta zaro bindiga ta harbi Carley a fuska.

Sai da aka ɗauki lokaci kafin wani ya ce Innalillahi. Wasan kuwa ya riga ya jefo tambaya: a bar Lilly a nan ko a tafi da ita? Tela ya ce a ɗaure ta a tafi da ita, ba a yar da mutum cikin daji. Kafin ya rufe baki mai shagon ya danna a bar ta. A cikin wannan hayaniyar Lilly ta jefa makaminta na ƙarshe, ta ce in kisa ne ai Lee ma mai kisa ne tun kafin duniya ta lalace. Maganar ba ta kama ba, don Kenny ya riga ya ji daga bakin mai ita. Wannan ne wuri ɗaya a duk daren da gaskiyar da suka faɗa tun da wuri ta yi musu rana.

Washegari ɗalibin ya zo da fushi. Ya kalli yadda wasu suka buga a YouTube, ya gano Carley ba ta tsira ko me aka ce. Wanda ya ceci Doug kuma, Lilly Ben take nufa da bindigar, Doug ya janye shi harsashin ya same shi. Wanda ya tausaya ya tafi da Lilly, da an isa wurin wani jirgin ƙasa da ke gabansu a hanya za ta sace motar ta gudu. "To mi munka zaɓa ke nan?" in ji shi. "Yaudara ta."

Ƙorafi ne da aka daɗe ana yi wa wasannin Telltale, kuma yana da tushe. Kowane reshe na gaske yana nufin sabon zane, sabuwar murya, sabon rubutu, don haka rassan sukan buɗe su sake haɗewa ba da jimawa ba. Amma ni ban bi ɗalibin har ƙarshe ba. Da a ce akwai amsar da ke ceton Carley, da rikicin ya koma jarrabawa mai amsa ɗaya, a nemo ta a intanet a wuce. Yadda aka gina shi, mai wasa yana ɗanɗana abin da mutum ke ji in yana da tabbacin wani ba shi da laifi amma ba shi da hujja, wanda ke zargin kuma yana da bindiga. Lilly ba mahaukaciya ba ce. Ta yi daidai cewa ana sata, ta yi daidai cewa na ciki ne, ta yi daidai cewa da 'yan fashi ake haɗa baki. Inda ta zame shi ne tsallen da ta yi daga "akwai ɓarawo" zuwa "ga ɓarawon". Tocila da alli da jaka ba su nuna kowa ba. Abin da ya cike gurbin shi ne wanda ya fi ba ta haushi, kuma Carley ce ta fi kowa tsaya mata a gaba. Ga rashin barci, ga mutuwar uba a kan idonta, ga shi ita ce mai ƙara, ita ce alƙali. Tela ya janyo aya ta 12 a Suratul Hujurat kan nisantar yawan zato, ɗalibin ya ce ai da ba ta yi zaton ba da ba a gano jakar ba. Duka biyun suna da gaskiya, shi ya sa gardamar ba ta mutu ba.

Ben

A kan jirgin ƙasa, bayan Duck ya mutu, uwarsa Katjaa kuma ta kashe kanta, Ben ya keɓe da Lee ya faɗi gaskiya. Shi ne. 'Yan fashin sun ce masa suna riƙe da abokinsa, ya fara ba su kaya. Da ya gane ƙarya suke, tsoro ya hana shi dainawa, yana ganin in ya daina za su kawo hari.

Nan ne zaman ya daina zama wasa. Tela ya ce ai shi ke nan, da ɗan gari kan ci gari, wannan shi ne infoma, jinin mutum uku yana kansa. Ɗan kabu-kabun, wanda shi ya fara gano Ben, shi ne kuma ya tsaya masa, abin da ba wanda ya zata.

"Malam, ba ka zauna inda aka biya ba," in ji shi. "Ƙauyenmu an aza muna kuɗi kafin mu yi noma, an aza kafin mu yi girbi. Mun biya. Mu ma infoma muke?"

Ba wanda ya yi masa musu kan wannan. Duk mai sauraron labarai ya san ƙauyuka a Sabon Birni da Isa da maƙwabtansu sun sha biyan harajin da 'yan bindiga ke ɗora musu. An kuma san yadda maganar masu kai rahoto ta yi nauyi, har a Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar. An san kuma cewa a irin wannan yanayi kalmar infoma in ta faɗa kan mutum, sau da yawa ba a tsayawa bincike.

Hujjarsa ita ce: a duba lokacin da harin ya zo. Duk tsawon lokacin da Ben ke ajiye jaka, masaukin yana zaune. Ranar da Lee ya ɗauke ta, ranar aka shigo. Wasan ma ya riga ya nuna irin wannan ciniki a kashi na biyu, inda iyalan St. John ke ba 'yan fashin abinci don a ƙyale gonarsu. Saboda haka a ganinsa biyan ba shi ne babban laifin Ben ba. Laifin shi ne ya yanke shawara shi kaɗai da kayan jama'a, ya ɓoye. A ƙauye in za a biya, mai gari ne ke tara mutane, kowa ya san abin da ya bayar da dalilinsa. Da Ben ya yi magana tun farko, ko a yarda a ci gaba da biya ko a shirya faɗa, amma ba wanda zai je ya ɗauke jaka bai san me ta tare ba. Sannan laifi na biyu, wanda ya ce shi ne ba ya yafuwa: Ben yana tsaye a bakin titi ana zargin Carley da abin da shi ya yi, tana ma kare shi, ya yi gum.

Na fi karkata ga wannan karatu. Marubutan wasan sun raba laifin Ben gida biyu, sun bar mai wasa ya auna kowanne, kuma yawancin masu wasa sukan haɗa su su kira shi maci amana su huta. Wanda ya san irin tsoron da ke sa mutum biyan wanda ya zalunce shi, shi ya iya raba su.

Daga nan nauyin ya koma kan Lee. Yanzu shi ke riƙe da sirrin da in Kenny ya ji zai iya kisa. Mutumin da aka yaba wa jiya don ya faɗi nasa sirrin, yau yana zaune kusa da Kenny yana ɓoye masa sanadin mutuwar ɗansa. Mai shagon ya ce wannan ya fi harbin Carley damunsa. A kashi na huɗu, a garin Savannah, Ben da kansa ya fasa ƙwan a gaban kowa cikin makarantar Crawford, duk shawarar da aka ba shi. Jim kaɗan bayan haka ya zame a saman hasumiyar ƙararrawa yana reto a hannun Lee, yana cewa a sake shi. Tela ya ce a sake. Ɗan kabu-kabun ya dafa kafaɗar mai shagon ya ce, "Jawo shi, don Allah." Aka jawo shi.

Lissafin Kenny

A ƙarshen kashi na huɗu an sace Clementine, an ciji Lee a hannu. Wasan ya tambaya ko a nuna cizon ko a ɓoye, sannan kowa ya faɗi ko zai bi Lee neman yarinyar. A nan ake buɗe littafin bashi. Akwai hanyar da kowa zai bi ka, akwai wadda za ka tafi kai kaɗai. 'Yan Mabera sun nuna cizon, Christa da Omid, waɗanda suka haɗu da su a hanyar jirgi, suka ce suna tare da shi. Ben ma ya bi.

Kenny ya ƙi. Injin wasan yana tara maki ne kan wuraren da ka goyi bayan Kenny da iyalinsa: rigimar kemis lokacin da Larry ya so a jefar da Duck waje, ɗakin nama, da makamantansu. Idan makin ya yi yawa zai bi ka ba sai ka roƙa ba, in yana tsaka-tsaki sai ka lallashe shi, in ya yi ƙasa ya juya maka baya. Shirun da jinkirin fassara ya jawo, da taya Lilly, da ceton Ben, duk sun taru. Mai shagon ya ji zafin abin ƙwarai. Shi da bai taɓa yi wa Kenny ƙarya kan kansa ba, shi da ya je ya tona asirin kansa a gabansa.

A nan ne nake ganin iyakar wasan, ko kuma wayonsa, ya danganta da yadda mutum ya kalla. Abin da Kenny ya fi aunawa shi ne wa ya tsaya a bayansa, ko yana kan daidai ko ba ya kai. Faɗin gaskiya ya kare Lee daga tonon sililin Lilly, amma bai biya bashin ɗakin nama ba. Ɗalibin ya ce wannan rauni ne na na'ura, ƙirga kawai ta iya. Tela ya ce a'a, shi ya san mutane da yawa masu irin wannan lissafi, wasu ma a danginsa.

Suka shiga kashi na biyar da Ben da Christa da Omid, Kenny ya zauna gadin kwalekwalen da suka sha wahalar nemo wa batir da mai don su bar Savannah ta ruwa. Da suka dawo gidan suka tarar an kulle shi a rumfar ajiya, kwalekwalen babu. Vernon ne ya zo da mutanensa suka tafi da shi, dattijon likitan nan da ya yi jinyar Omid, wanda ya raka su Crawford, wanda a duk zaman Mabera ba a taɓa kawo sunansa cikin waɗanda ake zargi ba. Shi ma wannan ba amsar da ke hana shi faruwa. Abin da ke canzawa kawai shi ne ko an bar wani a gidan da zai ba da labarin yadda aka yi, ko takarda za a tarar.